Muryar Ladan a Cikin Waya

Shekara talatin da ɗaya mahaifina ya yi yana kiran salla a masallacin unguwarmu, a cikin birnin Kano, kafin ranar da Liman ya aiko a kira ni. Ni aka kira ba shi ba, kuma tun daga nan na san maganar ba mai daɗi ba ce. Na same shi bayan la'asar a ƙofar gidansa, na durƙusa na gaishe shi. Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, "Injiniya, jama'a suna magana a kan muryar Malam. Azumi saura mako uku. Kai ne babba a gidan, ka lallashe shi ya huta da kansa, kada a kai ga wani ya gaya masa."

Ban musa ba, domin ni ma ina da kunne. Wata huɗu ke nan kiran sallar Baba yana fita da wani irin kaushi. Yakan fara lafiya lau, amma da zarar ya ɗaga murya a kabbarar farko sai sautin ya tsage, kamar ana yaga sabon yadi a bakin lasifika. Yara sun fara kwaikwayonsa a lungu. Abin da ya ƙara ɗaure maganar shi ne, a kwana biyun da zazzaɓi ya kwantar da shi, wani saurayi mai sanyin murya ya riƙe masa, kuma kiran ya fita tas. Masallaci ɗaya, na'ura ɗaya, lasifika ɗaya. Wa zai ce laifin ba na maƙogwaro ba ne?

Abu guda ne ya hana ni amsa wa Liman a take. Kullum da daddare Baba yana karatu a zaure, wani lokaci da ƙarfi, kuma ban taɓa jin muryarsa ta tsage a can ba. Saboda haka na roƙi Liman ya ba ni mako ɗaya, ya kuma ba ni izinin ɗaukar amfilifayar masallaci tsakanin isha'i da asuba, da kuma hantsi. Ya yarda, ina jin don ganin idon mahaifina ne kawai.

A daren farko na kwance murfin akwatin a ɗakina. Tsohuwar na'ura ce ƙirar Indiya, irin mai aiki da wutar gari ko da batirin mota mai bolt 12, ƙura ta yi mata lulluɓi. Na jona ta, na ɗauki makirufo na ce, "Gwaji, gwaji," kamar yadda kowa ke yi. Sautin ya fita garau. Na zauna ina kallon allon da ke ciki, da ƙananan kayayyakin da aka jera a kansa kamar gidajen ƙauye, riƙe da mitar awo a hannu, ban san inda zan ɗora tsinkenta ba. Ina da digiri a fannin lantarki, takardar tana cikin jaka ƙarƙashin gado, shekara guda ke nan tana jiran aiki tare da ni. Na ci jarrabawar wannan darasi da maki mai kyau. Na haddace cewa idan za a yi lissafin wuta mai kai-komo, sai a ɗauki batir tamkar guntun waya, a ɗauki kowace kafasita tamkar guntun waya, a sake zana da'irar. Na yi hakan sau da yawa a takarda, amma ban taɓa tambayar kaina dalili ba, kuma a daren nan na gane cewa haddata ba ta san hanyar ɗakina ba.

Washegari da hantsi na ɗaura akwatin a bayan babur na nufi kasuwar Sabon Gari, wajen wani tsoho mai gyaran rediyo da na saba sayen dalma a hannunsa tun ina ɗalibi. Bai ko taɓa na'urar ba. Ya saurari bayanina yana goge bakin ƙarfen liƙinsa, sannan ya ce, "Injiniya, muryar da take fita daga lasifikar nan, ta wa ce?"

Na ce, "Ta Baba ce mana."

Ya ce, "To, cire batir ka sa shi ya yi kira mu ji."

Na yi dariya, shi kuwa bai yi ba. Ya ce shi ba zai gyara mini ba, don kuwa kunya ce a ce ɗan ladan mai digiri ya kawo wa wanda bai gama firamare ba aikin masallacin ubansa. Abin da zai ba ni shi ne shawara: in daina neman inda murya ta lalace, in fara auna yadda na'urar take zaune lokacin da babu wanda yake magana. Na koma gida raina a ɗan ɓace. Sai da dare ya raba, na ciro tsohon littafina na aji uku, na shimfiɗa shi kusa da allon, na ƙudura cewa zan bi muryar Baba taki-taki, daga leɓensa har zuwa saman hasumiya.

Murya motsin iska ce, matsawa da sakewa. Idan namiji baligi yana magana, maƙogwaronsa yana kaɗawa sau ɗari da wani abu a daƙiƙa guda, tare da wasu kaɗe-kaɗe masu sauri da ke hawa a kai, waɗanda su ne suke bambanta muryar wani da ta wani. A cikin makirufo akwai tantani siriri, da naɗin waya manne da shi a tsakiyar maganaɗisu. Iska ta tura tantanin ciki, wuta ta gudana ta wannan gefe. Ta sake shi, wuta ta juyo ta wancan gefe. Wannan ita ce wuta mai kai-komo, wadda masu gyara suke kira esi. 'Yar'uwar wutar gari ce, sai dai ita wutar gari tana juyawa sau 50 a daƙiƙa ba ƙari ba ragi, wannan kuwa tana bin duk lanƙwasar da harshe ya yi. Amma ƙarama ce ƙwarai, 'yan milibolt ne, wato kashi kaɗan cikin dubu na bolt guda. Ko ƙwan tocila ba za ta kunna ba, balle ta tashi unguwa daga barci.

Abin farko da take tararwa a kan allon shi ne kafasita, kuma a nan na fara cin karo da jahilcina. Kafasita faifai biyu ne na ƙarfe da aka raba su da wani shamaki da wuta ba ta ratsawa. To, ta yaya ake cewa wuta mai kai-komo tana wucewa ta cikinta? Na daɗe a kan wannan. Amsar ita ce babu abin da yake ƙetarawa. A ɗauka an ɗaure fatar kalangu a tsakiyar bututun ruwa, ta toshe shi ruf. Ruwa ba zai wuce ba, ko da za a shekara ana tura shi gefe guda. Fatar za ta ɗan lotsa ta tsaya. Amma idan ana turawa ana janyewa, fatar za ta riƙa lotsawa tana dawowa, ruwan da ke bayanta kuma zai riƙa yin gaba yana yin baya, alhali ko ɗigo bai tsallaka ba. Motsi ne yake wucewa. Shi ya sa kafasita take tare wutar batir mai tafiya gefe guda, ta bar murya ta shige.

Daga nan sai taranzista, ƙwayar baƙin roba da ba ta kai girman wake ba, mai ƙafa uku: bes, kalekta da emita. An ƙirƙiro irinta ta farko a ɗakin binciken kamfanin Bell a Amurka, cikin Disamban 1947, kuma mutum ukun da suka yi aikin, John Bardeen da Walter Brattain da William Shockley, sun karɓi kyautar Nobel a 1956. Wannan na sani tun a aji, kuma bai taimake ni da komai ba a daren nan. Abin da ya taimake ni shi ne tuna wata tafiya da muka yi zuwa gonakin rani na Kadawa, inda na ga mutum ɗaya yana murɗa ƙofar magudanar ruwan da ya taso daga madatsar Tiga. Da hannu ɗaya yake sarrafa ruwan da zai iya tafiya da shi. Ya ɗaga kaɗan, ruwa ya ƙaru. Ya sauke kaɗan, ruwa ya ragu. Wanda yake can ƙasan magudana zai iya karanta motsin hannun mutumin daga hawa da saukar ruwan, amma ruwan ba daga hannunsa ya fito ba.

Haka taranzista take. Babbar wuta tana tasowa daga batir, ta bi ta wata razista, ta shiga kalekta, ta fita ta emita, ta koma batir. Bes ita ce hannun da ke kan ƙofar. Sai a lokacin tambayar tsohon ta zauna mini. Muryar Baba ba ta shiga taranzista ta kumbura ta fito. Iyakarta bes. Abin da yake fita ta ɗaya gefen ƙarfin batir ne, an sassaƙa shi da siffar muryar.

Sai dai ƙofar tana da sharaɗi. Taranzistar silikon ba ta fara buɗewa sai an sami kimanin bolt 0.6 zuwa 0.7 tsakanin bes da emita, kuma gefe guda kawai take buɗewa. Milibolt biyar na makirufo ba za su ko girgiza ta ba. Don haka ake sa razista biyu su ɗebo kaɗan daga wutar batir su riƙe bes a wani matsayi, ƙofar ta zauna rabi a buɗe tun kafin kowa ya yi magana. Na bi lissafin matakin farko na allon da fensir. Razistar kalekta om 5,600 ce. Idan ana shiru, wutar da ke bi ta cikinta miliamfiya ɗaya ce, saboda haka tana cinye bolt 5.6 daga cikin 12, kalekta ta zauna a kan 6.4, kusan tsakiya. Yanzu murya ta iso. Ta ɗaga bes da milibolt biyar, wutar ta hau zuwa kimanin 1.2, razista ta ƙara cin rabonta, kalekta ta sauka zuwa 5.3. Murya ta juya ta sauke bes da milibolt biyar, wutar ta ragu zuwa 0.8, kalekta ta hau zuwa 7.5. Milibolt biyar sun haifi lilon bolt guda da ɗoriya a kowane gefe, ninki wajen ɗari biyu. Kuma a kife siffar take fita, idan bes ta hau kalekta sauka take yi, ko da yake kunne bai damu da wannan ba.

Na daɗe ina kallon lambobin nan biyu, 0.8 da 1.2. Babu wadda ta sauka ƙasa da sifili. Ashe a cikin taranzistar wutar ba ta taɓa juyawa baya ba, ko sau ɗaya. Gefe guda take tafiya har abada, tana ƙaruwa tana raguwa kawai. Shekara biyar ina faɗin "wuta mai kai-komo tana bi ta taranzista", ina zana mata kibiya mai kai biyu, alhali abin da yake ciki kogi ne mai gangara ɗaya wanda igiyar ruwa ke hawa a bayansa. Kai-komon gaskiya ba ya dawowa sai a bayan kafasita ta gaba, wadda take tare tsayayyen bolt 6.4 ɗin, ta miƙa hawa da saukar kaɗai ga mataki na biyu.

A nan ne kuma abin da na haddace ya sami ma'ana. Batir mai lafiya, da babbar kafasitar da aka gicciya a bakinsa, ba sa barin ƙarfin layinsu ya motsa. Komai hawa da saukar wutar da ake ja, layin yana nan a 12. Abin da ba ya motsi kuwa, a wurin igiyar da ba ta san komai ba sai motsi, daidai yake da layin ƙasa. Ta cikinsu igiyar take zagayawa ta koma inda ta fito, ba tare da sun tare ta ba. Dalilin da ya sa ake zana batir kamar guntun waya ke nan. Wata ƙaramar kafasita da ke gefen razistar emita ita ma aikinta ke nan: ta buɗe wa igiyar gajeriyar hanya zuwa ƙasa, ta bar tsayayyiyar wutar ta bi ta razista. Hanya biyu ne a kan waya ɗaya, kowace wuta da tata.

Sauran tafiyar ba ta ba ni wuya ba. Mataki yana miƙa wa mataki, har a kai ga manyan taranzista biyu da aka ɗaure a jikin faifan alminiyon don su sha iska. Su lugude suke yi kamar mata biyu a turmi ɗaya, wannan ta ɗauki rabin igiyar, waccan ta ɗauki ɗaya rabin, su tura naɗin wayar da ke cikin lasifika gaba da baya. Lasifika makirufo ce da aka juya, wuta ta koma iska.

Wajen ƙarfe biyu na dare na yi abin da tsohon ya ce. Na jona batir, ban ce uffan ba, na ɗora tsinken mita a kalektar farko: 6.3. Lafiya. Na ɗora a ta biyu, inda ya kamata in ga abin da ya kusanci haka, sai allon mitar ya nuna 2.3. Na sake aunawa har sau uku. Ƙofar mataki na biyu ba rabi take a buɗe ba, saura ƙiris ta wangame gaba ɗaya. Tana da filin hawa mai yawa, amma filin sauka bai kai rabin bolt ba. Ƙaramar murya, irin "gwaji, gwaji" ɗina, ko irin ta saurayin nan mai tsayawa nesa da makirufo, tana iya yin lilonta a ɗan wannan fili ba ta taɓa komai ba. Babbar murya kuwa, da ta tashi sauka sai ta daki bango, a aske mata gefe guda. Askakkiyar igiya ita kunne yake ji kamar yagewar yadi.

Mai laifin tana kusa. Kafasitar da ke tsakanin matakan biyu, irin mai ruwan sinadari a ciki, ta tsufa cikin zafin akwatin da ake kullewa a ɗan ɗakin da ba taga. Shamakinta ya fara yoyo, fatar kalangun ta huje, wutar kalektar farko tana silalowa tana danna bes ta biyu. Na ɗaga ƙafarta ɗaya da ƙarfen liƙi, nan take 2.3 ta koma 6.1. Hannuna har rawa yake yi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne abin da na fahimta game da Baba a wannan lokaci. Da ya fara jin ƙorafin mutane, sai ya ɗauka rauni ne ya kama muryarsa, ya riƙa matsowa jikin makirufo yana ƙara ƙarfi. Ƙara ƙarfin kuma shi ne yake ƙara askin. Wata huɗu yana kokawa da wata aba mai girman ƙwayar gyaɗa, sau biyar a rana, yana komawa gida yana shan ruwan ɗumi da zuma, bai gaya wa kowa ba.

Da safe na sayo sabuwa a wurin tsohon, kuɗinta bai kai na hawa babur ɗin da ya kai ni ba. Bai tambaye ni komai ba, ya dai dubi lambar da na nema ya gyaɗa kai. Na liƙa ta, na share ƙurar, na mayar da akwatin kafin azahar. Na gaya wa Baba kada ya matsa, ya bar tazarar taƙi ɗaya, ya yi kira yadda yake karatu a zaure. Ya dube ni kamar zai yi magana, sai ya fasa.

Ban tsaya a masallaci ba a asubar da ta biyo. Na tafi can ƙarshen unguwa, bakin kududdufi, inda sautin yake isa da ƙyar, na kunna ɗaukar murya a wayata. Kabbarar farko ta tashi, ta hau, ta kai inda take tsagewa, ta wuce lafiya. Na ji hawaye ya taru mini. Amma ban gama murna ba na ji wani abu dabam. A ƙarshen kowace doguwar jimla akwai rawa a muryar, siririya, irin ta igiyar da aka ja ta gaji. A wuri biyu ya yanke ya ja numfashi inda a da yake zarcewa. Kaushin na'urar ya daɗe yana rufe wannan, kamar yadda hayaniyar kasuwa take rufe tarin mutum. Yanzu na'urar tana aikinta da gaskiya, ta ɗauki abin da aka ba ta ta ninka shi, ba ta rage komai ba. Na yi mako ina neman hujjar da zan wanke mahaifina, na same ta, ga shi kuma ta zo da wata shaidar da ban nema ba.

A hanyar komawa na yi tunanin goge abin da na ɗauka. Na kuma yi tunanin murɗa maɓallin da ke rage kaifin sauti, ko zai ɗan lulluɓe rawar, duk da na san ba zai yi ba. Liman ya tare ni a ƙofar masallaci fuskarsa a sake, ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Injiniya, ashe mun kusa ɗaukar alhakin bawan Allah." Na amsa da amin. Ban ƙara komai ba.

Bayan an karya kumallo Baba ya kira ni zaure. Ya ce ƙanena ya gaya masa an gan ni a bakin kududdufi da waya a sama. Ya miƙo hannu. Na kunna masa, ya kara a kunnensa na dama, wanda ya fi ji da shi, ya saurara tun daga farko har ƙarshe idonsa a rufe. Ya ce in sake. Na sake.

"Wannan rawar," ya ce, "ita ma ta na'urar ce?"

Na ce, "A'a, Baba."

"Babu abin da za ka canja a ciki?"

"Babu, Baba."

Ya yi shiru har na fara jin motsin tabarma a ƙarƙashina. Sannan ya ce in je in gaya wa Liman cewa daga farkon azumi yaron nan ya riƙa yin azahar da la'asar da magariba da isha'i, shi zai riƙe asuba, domin da asuba iska a kwance take, murya ba ta bukatar faɗa. Ya ce in faɗa masa shi ne ya ce, ba wani ya sa shi ba. Na miƙe zan fita, sai ya tambaye ni ina abin da na cire. Na laluba aljihu na ciro tsohuwar kafasitar, shuɗiya, da guntayen ƙafafunta biyu. Ya karɓa ya jujjuya ta a tafin hannunsa, ya kai ta kusa da ido, sannan ya jefa ta a aljihun gaban rigarsa inda yake ajiye carbi, ya ce in ja masa ƙofar zauren idan na fita.